Ban Sa Wa Atamfar Iya Abu Almakashi Ba

Zuwa ga Yayan Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina kuma roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka ka sauka Kano lafiya, Ya tsare ka a masaukinka, Ya haɗa ka da abokan zama na ƙwarai. Na cusa ta ne a ƙasan jakarka, ƙarƙashin ƙullin yaji da kuka, don na san sai yunwa ta taɓa ka za ka kai hannu can, lokacin kuwa ka zauna ke nan, ka samu natsuwar karatu.

Ba labarin gida zan ba ka ba, ai yanzu ka baro shi. Magana ce da na kasa faɗa maka baki da baki. Ka san yadda muke da kai. Shekara ashirin da shida ban taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ba, haka aka raine mu a kan ɗan fari. To yau biro zai yi abin da baki ya kasa.

Ranar Laraba ina goge maka kayan tafiya, na sa hannu a aljihun farar rigarka don kada in ƙona wani abu mai amfani, sai na zaro takarda. Ba bincike nake yi maka ba, Allah Ya sani. Layi biyu ka ja a jiki. A saman na farko ka rubuta "masu zuwa gaba", da sunaye biyu. A saman na biyu ka rubuta "na dariya", da sunaye uku. Na ukun shi ne Iya Abu mai guɗa, a gefe kuma ka ƙara da hannunka cewa ba ta da haƙoran gaba, tana riƙe hanci in za ta yi, mutane za su yi dariya har su gaji. Sau uku na karanta ina cewa ko idona ne. In ka ga wurin da ya ɗan yi ja kusa da aljihun, dutsen guga ne na manta a kai.

Da yamma na sa Ummi ta tambaye ka a gabana wane irin aiki ne takamaimai masu shirin gasar nan ta talabijin suka ɗauke ka. Ka yi mata bayani kana murmushi, bakinka cike da tuwo. Ka ce kai ne za ka riƙa zaga ƙauyuka kana nemo musu masu basira, kuma kowane zango sai an haɗa da waɗanda aka san ba za su kai ko'ina ba, domin su ne ke riƙe masu kallo. Ka ce tun kafin mutum ya hau dandamali an riga an san layin da yake. Ka ce ranar Litinin ake son sunayen. Ni kuwa tuwon nan ban ƙara kai loma ba. Shekara da shekaru ina kallon shirin nan, wallahi na ɗauka tsautsayi ne ke faɗa wa wasu a gaban alƙalai. Ashe zaɓo su ake yi. Ashe akwai mai zama ya rubuta sunan ɗan'adam a layin dariya, kuma yau mai rubutun daga cikina ya fito.

Kafin in ga laifinka sai da na ga nawa, don haka da nawa zan fara.

Ka tuna shekarar da babanku ya sa mana sola, aka kawo talabijin. A lokacin gidan nan ne kaɗai mai ita a layinmu na Ba'awa. Duk Asabar bayan la'asar nakan rufe keken ɗinki, matan maƙwabta su shigo da 'ya'yansu, a zauna kallon gasar. Mu ba masu iyawar muke jira ba, ka ji gaskiya. In mai murya ya fito mukan ce madalla, mu ci gaba da ɓare gyaɗa. Wanda zai kwafsa muke jira. Akwai wani dogon mutum mai babbar hula da ya zo da sarewa, ya busa ta ƙi fita, ya sake busawa ta yi wani irin kuka, alƙalai suka danna masa ƙararrawa gaba ɗaya. Mako guda ina kwaikwayonsa a kan keke, masu kawo ɗinki suna riƙe ciki. Babanku dai in aka zo irin wurin nan sai ya ɗauki butarsa ya fita, yana cewa wannan ma uban wasu ne. Ni kuma in ce Malam ya cika tsanani, abin nishaɗi ma sai an sa masa wa'azi.

Kuskurena na farko ke nan. Na ɗauka mutumin da ke cikin akwatin nan a nan yake kwana, in an kashe shi ke nan ya ƙare. Ban taɓa tunanin zai cire hular nan ya hau mota ya koma garinsu ba, inda yake da mata da surukai da yaran unguwa. Kai da za ka riƙa ganinsu da idonka kafin kyamara ta gan su, kada ka yarda aiki ya mantar da kai cewa kowannensu akwai gidan da zai koma.

Na biyun ya fi wannan muni, kuma ba ka san shi duka ba, don lokacin kana makaranta.

Ka san Hajjo, bafulatanar da ke kawo mana nono daga rugarsu ta hanyar Ɗansoshiya. Shekara goma sha ɗaya tana sauke ƙwaryarta a ƙofar ɗakina, tana kirana Adda, wato yaya a yarensu. Rabin furar da ta gina jikinka da nononta aka dama. Wata rana na je rugar auna mata kayan biki, na tarar tana tatsar wata jar saniya da ɗan maraƙinta ya mutu. Irin wannan saniya takan riƙe nono, ta ƙi saki. Hajjo ta jingina goshinta da cikin saniyar tana rera mata waƙa, tana kiran sunan uwar saniyar, da kakarta, da uwar kakarta, tana faɗin inda kowacce ta yi kiwo da rafin da ta sha. Ban ji rabin abin da take cewa ba. Ina tsaye da tef a wuya na ga nono ya fara zuba.

Da aka yi shela cewa masu gasar za su zo Tudun Wada ranar kasuwa su saurari mutane, ni ce na matsa mata. Ta ce ita waƙarta ta saniya ce, ba ta taro ba. Na ce baiwa ce Allah Ya ba ta, ɓoye ta asara ne. Ta ce sai an tambayi maigidanta. Na sa babanku ya je ya yi masa magana, bisa tilas ya je, don na hana shi sakat. Ni na raka ta Tudun Wada. Da suka saurare ta suka ce ta ci, za a kai ta Kano, sai suka miƙo takarda mai shafi uku da ƙananan rubutu. Ta juyo ta dube ni, ta ce, "Adda, ke kika yi boko. Me aka ce a ciki?"

Na karanta layin sama, inda aka yi maganar kyauta. Sauran Turanci ne mai kauri, ga mutane a bayanmu suna jira, ga shi ba na son a ga na tsaya ina haɗa baƙi. Na ce mata ba komai, ta dangwala. Ta dangwala yatsanta don ni na faɗa.

In ka miƙa wa mutum takarda, ka karanta masa ita tun daga bisimilla har ƙarshe, da harshen da yake ji, ko da layin da ke bayansa ya kai bakin kasuwa. In akwai wurin da ya ce suna da ikon yanka abin da ya yi su haɗa yadda suka ga dama, ka tsaya a nan ka maimaita masa. Mutanenmu ba takarda suke yarda da ita ba, fuskar wanda ya miƙo ta suke dubawa. Gobe fuskarka za su duba, su ce ai ɗan gidan Malam ne.

Na ɗinka mata sabuwar atamfa kyauta, riga da zane da ɗankwali, na zauna a kanta kwana biyu. Da ta dawo daga Kano sai ta maido mini ita a ninke, ko sawa ba a yi ba. Ta ce sun ce ta sa kayanta na talla, ta ɗora ƙwarya a ka. Ni da wautata na ce ai girmama al'adarsu aka yi. Na tambaye ta yadda aka ƙare, ta ce ta rera waƙar har ƙarshe, wurin ya yi tsit, har macen da ke cikin alƙalan ta share ido. Sai dai daga baya an yi mata wasu tambayoyi da ba ta so ba. Daga haka ba ta ƙara ba, ni ma ban tona ba, hankalina yana kan ranar da za a nuna.

Ranar Asabar ɗin na fito da talabijin tsakar gida, na shimfiɗa tabarmi har bakin rijiya. Na aika ruga na gayyato matansu, suka zo su takwas, har da uwar mijinta, tsohuwa mai sanda. Na yi kunun aya. Na zaunar da Hajjo a gaba kusa da ni, rimot yana kan cinyata.

Da aka zo kanta, waƙar nan da ta sa saniya sakin nono ba su bar ko baiti biyu ba. A kan ɗan abin da suka bari ma sai suka ɗora kukan shanu. Daga nan aka nuno wani alƙali yana tambayarta 'ya'yanta nawa, ta faɗa. Ya ce to babban, yaya sunansa? Hajjo ta sunkuyar da kai. Ya sake tambaya, ta ja gefen mayafi ta rufe fuska. Sai ya juya ga 'yan kallo ya ce, "Jama'a, ta san sunan kakar saniya, amma ta manta sunan ɗanta."

Aka kwashe da dariya. Suka maimaita wurin rufe fuskar sau uku, suka rubuta maganar tasa a ƙasan hoton da manyan baƙaƙe. Mutumin nan Bahaushe ne, da jin Hausarsa ka san a cikinmu ya tashi. Ya san sarai uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle bafulatana, balle a gaban maza baƙi. Wataƙila shi ma tasa uwar ba ta taɓa kiran nasa ba. Ba rashin sani ne ya sa shi tambaya ba, ya san ba za ta amsa ba shi ya sa ya tambaya.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko babanku. Da aka maimaita hoton karo na biyu, ni na fara dariya a tsakar gidan nan. Ban yi niyya ba. Bakina ya saba, shekara uku duk Asabar a daidai irin wurin nan yake buɗewa, ranar ma bai jira ni ba. 'Yan matan layi da suke ta danne tasu suka ji na yi, sai suka saki. Rimot yana kan cinyata ban kashe ba. Tsohuwar nan ta miƙe da sandarta, ta ɗauki takalmanta a hannu, sauran suka bi ta. Hajjo kaɗai ta zauna har aka gama nata, sannan ta ce mini ta gode da kunu, ta fita.

Ka kula da abin da kake saba wa kanka da shi. Ni ba muguwa ba ce, kai shaida ne, amma na yi shekara uku ina koya wa bakina dariyar faɗuwar mutane, ranar da aka zo kan tawa bai bambance ba. Kai kuma ba Asabar kaɗai za ka yi ba, kullum ne, kuma a biya ka. Duk ranar da ka ga an kunyata wani gabanka bai faɗi ba, to ka binciki kanka.

Abin bai tsaya a tsakar gidana ba. Aka yanko wurin ya shiga wayoyi. Kafin mako ya zagayo, in ta shigo gari da ƙwarya yara na bin ta suna tambayarta sunan ɗanta. Manya ma, masu gemu, in za su sayi nono sai sun tsokane ta da shi. Ta daina shigowa Ba'awa. Ni kuwa maimakon in ɗauki mayafi in bi ta, sai na ce bari ta huce. Mako ya zama wata, kunya ta ƙara nauyi, na koma sayen nono wurin wata. Shirin ma ban daina kallo ba, na dai mayar da talabijin ɗaki. Shekara huɗu ke nan.

Jiya Alhamis, da takardarka a zuciyata, na hau babur na tafi rugar. Na ce maka gaisuwar rashin lafiya zan je, ka yafe mini wannan. Na samu Hajjo ta rame, amma ta tarbe ni kamar jiya muka rabu. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama mini fura, ta tambayi babanku da Ummi, ta tambayi "babban" ba ta kira sunanka ba, don ta san ni ma ba na kira. A bakin wata 'yar'uwarta na ji sauran. Ɗan nata ya yi faɗa a kasuwa saboda maganar har aka fasa masa kai. Bayan nan ya ce muddin yana nan ba za a daina yi wa uwarsa tambayar ba, ya kora shanu ya yi kudu. Damina uku ke nan bai dawo ba. Waƙa kuwa ta bari, ko a wurin tatsa.

Na buɗe baki in ba ta haƙuri, na fara zagin mutanen birni da alƙalinsu. Ta bari na gama, sannan ta ce a hankali, "Adda, su ban san su ba, dariyarsu ba ta shiga jikina ba. Taki na ji. Na san muryarki."

Ban san yadda na iso gida ba. Ta ce ta yafe, na kuma yarda ta yafe, har man shanu ta ƙulla mini. Amma mutunci madara ne, ita ta fi kowa sanin abin da ke faruwa in ta zube. In ka ɓata wa mutum, ka je a ranar, kada ka ce sai ya huce. Ba hucewarsa kake jira ba, taka kunyar kake lallaɓawa, ni na gwada na gani.

To mu dawo kan Iya Abu. Ranar Litinin da ta wuce, tun ban ga takardarka ba, ta shigo da turmin atamfa da ta ɓoye a ƙasan akwati tun bikin jikarta. Ta ce in yi mata ɗinki na gani na faɗa, ɗanta zai kai ta talabijin duniya ta ji guɗarta. Ɗanta ta ce. Ta ce har ta fara shan zuma da citta don murya ta washe. Na taya ta murna, na auna ta, ina alfahari da kai a raina.

Kai ba za ka tuna ba, amma matar nan ita ta karɓi haihuwarka. Ranar babanku yana gona wajen fadama, ba wanda aka aika masa, guɗarta ya jiyo ya yar da fartanya ya taho a guje. Ita ta yi maka wankan farko. Ita ta riƙe ni kwana arba'in lokacin da uwata ba ta da lafiyar zuwa. Haƙoran da ka rubuta babu, tana da su a lokacin. Hancin da take riƙewa kuwa haka ake guɗa tun kafin a haifi kakarka, ba wanda ya taɓa ganin abin dariya a ciki sai da aka zo neman abin cika shiri.

Ban ce ka bar aikinka ba. Na san wahalar da ka sha kafin ka same shi, ni ce kuma na bi gida-gida ina faɗa wa mutane. Ban ce gasa haramun ba ce. A gwada masu iyawa, wani ya ci wani ya faɗi, ai ko a dambe haka ake yi, kuma wanda aka kayar ya san abin da ya kai shi fage. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne a ce wa mutum zo a girmama ka, alhali an riga an rubuta shi a layin dariya. Ga ma'auni mai sauƙi. Duk sunan da za ka rubuta, ka fara zuwa ka tsuguna a gaban mai shi ka gaya masa layin da ka sa shi. In ya ji ya ce ya yarda, akwai masu son ba da dariya, sana'arsu ce, Allah Ya ba da sa'a. In kuwa ka ji bakinka ba zai iya faɗa masa ba, to hannunka ma kada ya rubuta. Sauran biyun da ke layin nan ban san su ba, amma su ma a kan wannan ma'aunin za ka ɗora su.

Na san abin da zai iya biyo baya. Wataƙila ranar Litinin maigidanka ya ce ina sunayen, ka ce babu, ya ce to akwai masu jiran kujerarka. Ban raina wannan ba, na juya shi a raina har kaina ya yi ciwo. In haka ta faru ka dawo. Gonar babanku tana nan, ɗakinka yana nan, ba wanda zai ce ka gaza, in ma an faɗa ni zan amsa. Na fi son in gan ka da fartanya a kafaɗa da in ga ranar da Iya Abu za ta daina fita biki saboda yara suna riƙe hanci in ta wuce.

Atamfarta tana nan a kan keke, ban sa mata almakashi ba. Ta turo sau biyu tana tambaya, na ce zare nake jira. Ka kira wayar Ummi kafin Litinin ka gaya mini abin da ka yanke. In ka soke sunanta, zan ɗinka mata ta sa ranar naka auren, ta yi maka guɗar da ta fara. In ka miƙa shi, ni da kaina zan je in gaya mata layin da take, wannan karon zan karanta takardar har ƙarshe.

Abu ɗaya ya rage. Tun da aka raɗa maka suna ban taɓa furta shi ba. Kana ƙarami ka taɓa tambayar babanku ko na manta ne, ya yi dariya ya ce wanda aka fi ji da shi ne ba a kira. Da za a tsayar da ni a gaban fitilun nan a ce in faɗi sunan babban ɗana, abin da Hajjo ta yi shi zan yi, mayafina zan ja in rufe fuska. Ka tuna da wannan duk ranar da aka zaunar da kai a ce ka zaɓi wurin da za a maimaita sau uku.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare ka daga sharrin mutane, Ya tsare mutane daga naka. Ya ba ka abincinka ta hanyar da ba za ka sunkuyar da kai ba in ka shigo garinku. Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya. Babanku yana sa maka albarka.

Sunan da ke bayan ambulan, Ummi na sa ta rubuta.

Wassalam,
Mahaifiyarka.